Jawabin Garkuwan Magangara

Idan ana lissafa manyan mutanen garin nan, dole a fara da mai shagon buga takardu na bakin kasuwa. In kuwa aka manta, shi da kansa zai tuna wa mai lissafin. Bawan Allah ne da bai taɓa shiga taro ya fito hannu rabbana ba, sai da muƙami. Sau ɗaya ya leƙa taron iyayen yara, ya dawo Babban Mai Ba Da Shawara. Kuma abin bai zo masa da wahala ba, tunda a shagonsa ake sassaƙa hatimi, a nan ake buga kati. Duk sarautar da ta yi masa kyau da safe, kafin tsakar rana tawadarta ta bushe a takarda. A bayan idonsa Lasifika ake ce masa, domin ko mutum ɗaya ya gaisar, layin duka ne ke amsawa.

Ana nan sai labari ya zo cewa wani kamfani zai kafa tashar wutar lantarki a magangarar ruwan da ke bayan gari. Za a tare ruwan tun daga saman dutse, a zuba shi a ƙaton bututu, ya juya injuna, sannan a sake shi can nesa. Tsakanin nan da can rafi zai bushe, kuma a tsakanin ne lambunan mutane suke, da wurin masu wanki, da mashayar dabbobi.

Babbar yayarsa, wadda ta goye shi yana jariri, tana da lambun tumatir da albasa a wurin, da shi ta riƙe 'ya'ya shida bayan rasuwar mijinta. Ita ce ta zo shagon da safe, ƙafafunta duk taɓo, ta tsaya a bakin ƙofa.

"Auta, takarda nake so ka rubuta mana zuwa ga mutanen nan. Layi biyar ya isa. Ka ce su zo su ga lambu kafin su taɓa ruwa."

Ya tsani sunan nan, amma ita kaɗai ce ba ya iya hanawa. Ya gyara zaman tabarau, ya dube ta da tausayi irin na masu ilimi.

"Yaya, layi biyar? Wannan ai gwagwarmaya ce ta tarihi! Ba a tunkarar kamfani da wasiƙa, da kwamiti ake tunkararsa."

Kafin mako ya zagayo an haifi Babban Kwamitin Ƙoli na Ceton Magangara. Aka yi zaɓe na gaskiya da adalci a cikin shago, shi kaɗai, ƙofa a rufe, ya lashe kujerar shugaba ba hamayya. Saboda tawali'u ya karɓi ta sakatare da ta kakaki, don kada a ɗora wa wasu nauyi. Sannan ya naɗa kansa Garkuwan Magangara. Yaya kuwa, da yake shi ba ya son kai, ya ba ta katin mamba mai lamba arba'in da ɗaya.

Sai allon zanga-zanga. Yadi goma sha biyu ya buga, aka rataye a gaban shago. Hotonsa ya ci kashi uku cikin huɗu, hannu a ƙirji, ido a sama, ruwa kuma yana ɗan leƙowa ta bayan kunnensa na hagu. Shugaban masu wanki, wani dattijo da ruwan wurin ya gama cinye masa farce, ya daɗe yana kallo.

"Ranka ya daɗe, wannan ruwan ba namu ba ne. Namu ba shi da jirgin ruwa a ƙasa, kuma ba ya da faɗin nan."

"Baba, wannan shi ake kira fasaha," in ji Garkuwa. "Mun nuna magangara yadda ta cancanci ta kasance."

Gaskiyar da bai ga dalilin damun jama'a da ita ba ita ce, shekara hamsin da biyu yana garin, bai taɓa taka wurin ba. Yana yaro an hana shi saboda santsi, da ya girma kuma harkoki suka yi yawa. Amma a ganinsa wannan ba komai ba ne. Mai kishin abu ba sai ya gan shi ba.

Kamfani ya sa ranar da injiniyansa zai zo ya saurari jama'a a gindin ruwan. Kwana tara Garkuwa yana rubuta jawabi, ya kai shafi ashirin da uku. Matarsa ta ji shi sau huɗu tana guga, sau biyu tana tsifar kai. Da ya tambaye ta inda ya fi ratsa ta, ta ce wurin da ya tsaya ya sha ruwa.

Ranar ta zo. Ya sa kwat ruwan toka, da takalmi mai tsini da aka goge har yana ɗaukar ido, ya shiga gaban jama'a. A mararrabar farko ya karya dama da ƙarfin gwiwa, mutum ɗari biyu suka karya hagu. Ya dawo da sauri yana cewa ya je duba tsaro ne. Daga nan ya bar Yaya ta wuce gaba, don girmama na gaba da shi.

Da suka iso, sai ya ja ya tsaya. Ruwa ne fari fat yana zubowa daga dutse mai tsawon bene biyar, feshinsa na jiƙa fuska tun daga nesa. Abin da ba wanda ya gaya masa shi ne ƙara. Amma babban mutum ba ya ja da baya. Ya hango wani falalen dutse dab da ruwan, ya ga nan ne ya dace da hoto. Da rarrafe ya hau, gwiwoyin wandonsa suka zama kore. Ya miƙe, ya zaro takardu, ya ɗaga yatsa.

"Ya ku al'umma! Ni, Garkuwan Magangara, na rantse sai dai a bi ta kan gawata! Ruwan nan tun ina cikin zanin goyo nake sha, shi ne jinin jikina!"

Ko kalma ɗaya ba ta sauko ba. Abin da jama'a suka gani, mutum ne a kan dutse yana buɗe baki yana rufewa, yana kaɗa wasu takardu da suka fara narkewa. A karon farko a rayuwarsa Lasifika ya gamu da wanda ya fi shi murya, kuma bai sani ba. Shi dai ya ga injiniya ya ɗago ya dube shi sau biyu cikin damuwa, ya ce a ransa, magana ta fara shiga.

A ƙasa kuwa Yaya ta ja injiniyan, wani siririn mutum mai hular kwano, zuwa inda kunne ke ji.

"Ɗana, taho ka gani. Takardarku ta ce lambu goma sha biyu. Mu ƙirga tare."

Suka bi rafi da ƙafa. Ta nuna masa kowane lambu da mai shi, da magudanar da kowa ya haƙa. Dattijon masu wanki ya nuna masa zanen da ruwa ya bari a jikin dutse, inda yake tsayawa da rani, ya ce in aka ɗebe ko rabin wannan, sai dai su wanke kaya da yawu. Injiniya ya ƙirga lambu tamanin da bakwai. Ya cire hula ya share zufa, ya ce wanda ya yi awon farko da alama daga cikin mota ya yi shi. Ya yi rubutu mai yawa.

Duk wannan lokacin Garkuwa na kan dutse. A shafi na sha tara ya lura ba kowa a gabansa sai akuya biyu, ya fahimci cewa jawabin ya yi wa mutane nauyi, sun koma gefe su yi nazari. Saukowa ce ta gagara. Masu wanki biyu suka sauko da shi kamar buhu, takalmi ɗaya ya bi ruwa. Ya ce a bar shi, sadaukarwa ce.

Bayan mako uku wasiƙa ta zo daga kamfani. A hannun Yaya aka ba da ita, amma Garkuwa ya karɓe, ya ce doka ta hana mamba buɗe takardar kwamiti. Ya sa aka jera kujeru a gaban shago, ya gayyaci gari, ya hau tebur, ya yage ambulan a gaban kowa.

Kamfani ya dakatar da aiki, za a sake awo, kuma ba za a ci gaba ba sai an tabbatar rafi zai riƙa gudu har da rani. Wuri ya kaure da tafi, mata na rungumar juna. Garkuwa ya rusuna sau uku, ya ɗaga hannu a yi shiru.

"Saura sakin layi na ƙarshe. Nan ne ake yabon shugabanni."

Ya gyara murya, ya ƙara ƙarfi.

"Muna godiya ta musamman ga baiwar Allah mai lambun tumatir da shugaban masu wanki. Sai dai muna roƙo, a zama na gaba a hana mai tallan maganin nan da ya hau dutse yana..."

Ya tsaya. Ya cire tabarau ya goge, ya mayar. Rubutun bai canja ba.

"Ci gaba mana, Auta," in ji Yaya daga kujerar baya. "Yau kam muna jin ka sarai."