Ni da Surukina a Layin Taki

Na yarda laifina ne, amma har yau raina a ɓace yake. Wata uku na yi ina koyon rubuta manhaja a Kalgo, na dawo Gwandu ina hura hanci. Na ce wa ƙungiyarmu ta manoma a ajiye littafi, kwamfuta ce za ta tsara layin rabon taki.

Jeri na yi irin na sarƙa, kowane suna yana riƙe da na bayansa. In za a ƙara sabo, sai a bi daga kai har wutsiya a ɗaura shi. Ni gwani, maimakon in sa ɗan aike ya bi layin, sai na tura kan jerin da kansa. Kwamfuta kuwa daga kai take fara karanta jerin, don haka duk sunan da kan ya wuce ya ɓace. Saboda kara kuma, gidanmu na bari a ƙarshe, surukina sannan ni.

Ranar rabo aka buga takarda a gaban kowa, sai ga suna biyu rak.

Shugaban ƙungiya ya gyara tabarau ya ce, "Ɗana, duk garin ga kai da surukinka kaɗai ka noma?"

Na rantse, na yi ta bayani, ba wanda ya saurare ni. Yanzu ko wurin suna na je, sai wani ya ce, "Ku ɓoye tiren abinci, ga mai kwamfuta nan, kuma surukinai na tafe."