Farfesa Sakul, Abokin Gabar Kusurwa

Ina tsakiyar yi wa wani dattijo aski ƙanin matar abokina ya leƙo shago ya ce, "Farfesa ya cika." Aska ta tsaya a hannuna. Na dubi ƙoƙon kan nan, rabi fes rabi gashi, na tuna Farfesa ne ya sanar da ni cewa sunansa sifiya a Turance, wato abu mai siffar ƙwallo. Hawayena ya ɗiga a kai. Dattijo ya ce ashe rufina yana yoyo.

An yi rashi, ilimi ya zama maraya. Abokina kafinta ne, bango ɗaya ya raba shagona da nasa, amma kafinta ba sunan da ake kiransa da shi a kwana lafiya ba ne. Wani baƙo ne ya taɓa ba shi aikin tebur mai da'ira, ya zauna yana jira yana koya masa sunayen abubuwa masu zagaye da Turanci. Baƙo ya tafi da tebur, ya bar mana kafinta ya zama Farfesa Sakul, sakul kuwa da'ira ce a Turance. Turancinsa duka bai cika cokali ba, amma kowace kalma a mulmule take. Masu hassada suka ce ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Ya ce ai ƙuƙumin ma zagaye wuya yake yi.

Yakan hau benci ya ɗaga zarto ya ce, "Jama'a, kusurwa jahilci ce! Rana sakul, ƙwai obal, maƙogwaronku silinda. Wa ya taɓa ganin kankana mai kusurwa huɗu?"

Mai wankin unguwarmu ya ba shi aikin ƙofa. Ya yi masa mai da'ira. Kafin a kafa ta, ta suɓuce ta gangara titi. Mai wanki yana bin ƙofarsa da gudu yana salati, Farfesa yana bayansa yana kirari: "Ku dubi sakamfarans! Ku dubi dayamita!" A bakin kwata aka kama ta.

Da masu kawo aiki suka ɗauke ƙafa, sai ya juya kan gadonsa na aure. Ya sa zarto ya mai da shi kamar faifai. Matarsa ta ce takan kwanta kanta na gabas ta farka yana kudu, ta naɗe tabarmarta ta koma ƙasa. Shi kuwa ya dage. Gadon ba ya ɗaukar tsawon mutum, sai ya riƙa kwana a naɗe kamar kyanwa. A hankali bayansa ya lanƙwashe, numfashi ya fara yi masa wuya.

Na roƙe shi har da kuka. Na ce, "Don girman Allah, ɗan'uwa, ka yi gado irin na mutane, doro nake gani yana fito maka."

Ya dube ni da tausayi ya ce, "Kai mai aski ne, rediyos ɗin tunaninka, wato daga tsakiyar da'ira zuwa bakinta, gajere ne. Wannan ba doro ba ne, rabin sakul ne. Saura rabi."

Ciwon ƙirji ya kai shi asibiti. Ranar da na je masa dubiya ta ƙarshe na same shi a miƙe sambal a kan gadon ƙarfe, yana minshari har da murmushi. Wallahi na manta abokina dogo ne. Na zauna ina yi masa fifita har ya buɗe ido. Ya duba hagu, ya duba dama, ya yafito ni.

"Mai aski, matso. Gadon nan kusurwarsa nawa?"

"Huɗu, Farfesa."

"Aikin jahilai."

"Haka ne, Farfesa."

Ya shafa ƙarfen a hankali, ya ƙara miƙe ƙafa har yatsunsa suka yi ƙara.

"Ka tambayo mini ko suna sayarwa. In za ka kai gida, ka lulluɓe shi da zane, ka ce naka ne."

Na ce, "To, nawa ne."