Kunun Italiya a Cikin Kula

Bari in faɗa tun farko: tiramisun da na haɗa ba shi da aibu. Kayan zaƙi ne na Italiyawa, a tsoma biskit a ruwan kofi, a jera, a lulluɓe da kirim, ya kwana a firij. Ko kusa da wuta ba ya zuwa. Sau uku ina gwadawa a gidanmu da ke unguwar Bukit Jalil, a nan ƙasar waje, har maigida ya ce in buɗe shago.

Ranar sunan jaririyar ƙawata a unguwar Chow Kit, na ce yau matanmu za su san na waye. To ni 'yar mutunci ce, ba na kai abinci gidan suna a roba. Na ɗauko babbar kulata, na ɗauraye ta da tafasasshen ruwa yadda na saba yi in zan zuba tuwo tun ina budurwa, na juye tiramisu, na rufe gam. Awa guda ina rungume da ita a jirgin ƙasa, ina tausaya wa waɗanda suka kawo cincin.

Hajiya Rabi, babbarmu, ita ta buɗe. Ta leƙa, ta jijjiga kular, abin ya yi ta tangal-tangal.

"Ƙanwata, cokali za a kawo ko ludayi?"

Na gyara mayafi na ce, "Kofuna, Hajiya. Haka Italiyawa ke shan sa."

Aka shanye tas, ko ɗigo ban dawo da shi ba. Shekara biyu ke nan, duk wadda ta haihu sai Hajiya ta kira ni: "Mai kunun Italiya, a kawo da zafinsa dai, maijego na jira."