Rasuwar Ƙofar Garejina, Wadda Ƙishin Mai Ya Kashe

Da zuciya cike fal da baƙin ciki, da ƙafafun da suka ƙi zama wuri ɗaya, ni Alhaji Kaumi Garbai, ɗan kasuwar gyaɗa a unguwar Kolere, Mubi, nake sanar da 'yan uwa da maƙwabta da direbobin hanyar Michika rasuwar ƙofar garejina. Ta cika da hantsin Litinin ɗin da ta wuce, tana da shekara goma sha biyu, bayan doguwar jinyar da kowa a layinmu ya ji, ban da mai ita. Ta cika a tsaye, a rufe, da motata a ciki.

An rataye marigayiya a watan Fabrairun 1961, satin da aka yi ƙuri'a ta biyu ana tambayarmu Nijeriya ko Kamaru. Gari duk ya tafi layi, amma Vandi, kafinta kuma maƙeri mutumin Michika, yana bisa tsani a gidana, ya ce sai ya ga ta yi tafiya sannan zai je ya jefa tasa. Ba irin ƙofar zaure ba ce. Tura ta ake yi gefe, tana rataye da tayoyin ƙarfe biyu masu gudu a kan wani dogon ƙarfe a sama. Katakon maɗaci ya sa mata, ya lulluɓe ta da kwano sabo fil. Daga ranar muka zama abokai da shi. Duk zuwansa Mubi a gidana yake cin tuwo, kuma ni na kai matarsa Dibora asibiti da motar nan sa'ad da haihuwarta ta zo da gardama.

Marigayiya mai haƙuri ce, mai rufin asiri. Awakin maƙwabcina Malam Hammanjoda, waɗanda babu gidan da ba su shiga ba a Kolere, ba su taɓa ganin cikin garejina ba. Bara, ranar da gwamnati ta mayar da tuƙi hannun dama, na manta na rungumi turken wani shago da gaban mota, ita ce ta ɓoye mini wannan abin kunya sati uku cur, ko uwargidana Hajja Gumsu ba ta sani ba. A ƙuruciyarta da yatsa ɗaya ake buɗe ta. Sai ta ce gurrr, ta ƙare da tak, Hajja ta ji daga madafa ta ɗora shayi.

Ciwonta ya soma a shekara ta huɗu da wata 'yar ƙara, ƙiii, siririya. Hajja ta ce ƙofar nan kuka take yi, na ce mata ita komai kuka take ji. Daga yatsa muka koma hannu, daga hannu muka koma kafaɗa. A damina biyun ƙarshe sai na kira Hammanjoda mun haɗa ƙarfi, tana ƙiii, ƙaƙ, ƙaƙ, har ya kai in ya hango ni na nufo ƙofar gidansa da safe sai ya kama alwala. Ran Litinin na sa kafaɗa ni kaɗai, na tura. Ta ce ƙas, sau ɗaya. Ba ta ƙara cewa komai ba.

A yi mini haƙuri, na ji ƙarar mota na tashi na leƙa titi. Motar itace ce, ba ta Michika da nake jira ba.

Ya wajaba in bayyana abin da ya kashe ta, don na ji ana cewa sakaci ne, ni kuwa ba a taɓa sanina da sakaci ba. Ranar da Vandi ya gama aiki, ya sauko daga tsani, ya miƙo mini kwaɗon kullewa da makulli, ya ce, "Alhaji, shi wannan, kowane ranar kasuwa ka ba shi mai. In ba ka ba shi ba, zai mutu maka."

Ni shekara tara na yi a Kano ina saye da sayarwa, kuma da Hausar da na dawo da ita nake taƙama. Na san ƙofa mace ce, kwaɗo namiji. Mutum ya ce shi, ga kwaɗo a hannunsa, me kuma zan tambaya? Shekara goma sha biyu, duk ranar kasuwa, kafin in karya, nakan tsoma gashin kaza a baƙin mai in shafe kwaɗon nan ciki da waje. Ko ina zazzaɓi ban fasa ba. Tayoyin sama kuwa, da ƙarfen da suke gudu a kai, ko ɗigo ba su taɓa gani ba. Ban taɓa share musu ƙasa ba, ban taɓa ɗaure noti ba, ban ma taɓa ɗaga kai na dube su ba.

Na aika wa Vandi, ya iso ran Talata da akwatin kayan aikinsa. Ya hau tsani, ya shafa tayoyin, ya sauko da jar tsatsa cike da tafin hannu, ya tambaye ni ina man da ya ce a riƙa sawa. Na ɗauko kwaɗo na nuna masa yana ƙyalli. Ya dube shi, ya dube ni, ya ce, "Alhaji, kwaɗo yana tafiya ne? Ƙofa na ce maka. Shi ne yake tafiya."

Mutanen layi sun taru, Hammanjoda ya soma dariya har yana dafa bango. Dariyar nan ce ta hau mini kai. Na ce wa Vandi, a gaban kowa, wanda bai iya bambanta mace da namiji a bakinsa ba bai kamata a ba shi guduma ba, ya koma kan dutsensu ya koyo magana tukuna. Haka na faɗa, ba na ragewa. Bai ɗaga murya ba. Ya mayar da kayansa cikin akwati ɗaya bayan ɗaya, ya ce, "Hausan nawa na aiki ne, Alhaji. Sai wani rana." Tuwon da Hajja ta zuba masa yana nan a rufe ya tafi.

Tun ranar ba ni da sukuni. In na zauna sai in miƙe, in na shiga kasuwa sai in dawo. Hajja ta tuna mini cewa mutumin da na kora yana jin Higi da Fulatanci da Gude da Turanci ban da Hausar, ni kuwa da Barbarcina da Hausar Kanon nan na tsaya. Ta ƙara da cewa mahaifiyata, Allah ya ji ƙanta, har ta koma ga Allah shi take ce mata, kuma ba ta ga na tura ta koyon magana ba. Kunya nake ji, kuma kewarsa nake yi, na faɗa a rubuce tunda bakina ya kasa.

Marigayiya ta bar kwaɗo ɗaya cikin ƙoshin lafiya, ya yi ɓulɓul, wanda ba na son ganinsa. Ta bar makulli biyu, da gwangwanin mai rabi, da Fijo a-kori-kura wadda take zaman takaba a cikin duhu, ba ta iya fita ko da zuwa Michika ba da haƙuri. Ta kuma bar mai gida wanda bai taɓa ce wa wani ya yafe masa ba, yana neman ta inda ake farawa.

Wasu sun ba da shawara a sa gatari. Ban yarda ba. Hannun da ya rataye ta shi zai sauke ta, ba wani ba.

Za a sauke gawar ran Juma'a bayan la'asar, a ƙofar gidana. Za a jingine katakon a inuwa, a binne tayoyin a bayan gareji. Ana karɓar gaisuwa daga kowa, Malam Hammanjoda ma ya zo, amma ya bar dariyarsa a gida. Za a dafa tuwo, a ware kwano ɗaya a rufe. In har azahar ɗin Alhamis mai saukewa bai iso ba, a neme ni a tasha, a bayan motar Michika, tsakanin buhuna, da babbar rigata da komai.

Kafin nan, duk direban da ya karanta wannan ya riga ni isa, ya nemi shagon Vandi, ya ce masa Alhaji Kaumi yana gaishe shi, yana roƙonsa ya zo. Ya ce masa ƙofar ya mutu. Ya mutu za ku ce, kada wanda ya gyara mini.