Tela Ya Koma Ɗaukar Bulo

"Lafiya lau, sai dai ban gane mai gaisuwar ba," in ji Kaka, tana kare ido da hannu. "Wane ne wannan ya yi wanka da toka?"

Jikanta ne, tela, ya dawo daga wurin gini, siminti har cikin gira. Tun da mai gidan haya ya tashe shi, ya zaga gari bai samu ɗaki ba, shi da matarsa da yaransu suke cunkushe a ɗakin da ke jikin nata, keken ɗinki a bakin gado. Bana gwamnati ta ba da fili, marasa gida suka kafa ƙungiya suna gina wa juna.

"Mijinki ne, tsohuwa. Magini."

"Kai da zura zare a allura ke sa ka haki? Bulo nawa ka fasa yau?"

"Ko ɗaya. Injiniyan gwamnati ma cewa ya yi bai taɓa ganin layi miƙaƙƙe irin nawa ba."

"Bai ga wandon da ka ɗinka wa kawunka ba, ƙafa ɗaya ta fi ɗaya tsawo."

"Ƙafar Kawu ce ba daidai ba."

"Gwamnatin da ta yarda da kai ai ta ga ta kanta."

"Ba ni kaɗai ba ne. Ita ta kawo ruwa da hanya, kamfani ya sassauta siminti, direba na kawo yashi, mai walda na yin ƙofofi. Malamar asibiti ma baro take turawa."

"Kai kuma kana kawo surutu."

"Surutun ne ya kai ginin gidana linta yau, har saman ƙofa. Kafin damina za mu tare."

Kaka ta dubi igiyar shanya cike da ƙananan riguna, da takalman yara warwatse a tsakar gida. Kullum sai ta yi mitar hayaniyarsu, amma ba ta manta yadda gidan yake kafin su zo ba, ita kaɗai da rediyo.

"Ku tafi in huta," ta ce, muryarta ƙasa-ƙasa. "In yi barci ba ƙarar keke."

Tela ya tsuguna gabanta. "Wa ya ce kin huta? Ɗakin gabas naki ne. Na sa an yi tagar ƙasa, ki riƙa leƙen maƙwabta ba sai kin taka kujera ba."

"Ni in kwana a ginin tela? Bango ya warware kamar ɗinkinka?"

"In ya warware in sa masa faci."

"Nan kuma in bar wa ɓeraye?"

"Ki bar wa 'yar Kawu. Ita da mijinta a bayan shago suke kwana, ga ciki ya tsufa."

Kaka ta dube shi. Sai dariya ta ƙwace mata, ta goge ido da gefen mayafi.

"Tashi, mummuna. Zaga bayan ɗaki, akwai kwanon rufi da kakanku ya saya bai kai ga bugawa ba. Kwashe."

"Duka, uwargida?"

"Duka. Amma a kan ɗakina za a buga. Naka ya yi ta yoyo."