Haladu Madugu Da Raƙumin Agadas

Wani mutum ne a layinmu na 'yan yadi a Funtuwa, Haladu, wanda da bakinsa ya naɗa kansa Madugu. A cewarsa shekara bakwai ya yi yana bin ayarin gishiri zuwa Bilma, har ƙishirwa ta san shi ta daina kama shi. Babu wanda ya taɓa ganin ya wuce Katsina, amma kuma babu mai ƙarfin yi masa musu, don in ka fara da hantsi sai azahar ta same ku.

Shekarar da ƙungiyarmu ta ɗauki doguwar bas don yawon buɗe ido zuwa Nijar da Aljeriya, sai aka ce tunda ga ɗan gari, shi ne jagora. Aka ba shi kujerar gaba kusa da direba. Ya sayo baƙin rawani ya naɗe fuska sai idanu. Wannan girma kuwa ya fi masa shagonsa, kuma ya san ranar da aka gano shi, ranar zai koma Haladu zalla.

Tun daga Maraɗi bai rufe baki ba. Kowane tudu ya taɓa kwana a kansa, kowace rijiya ya sha ruwanta. Ni dai haushi ya ishe ni, ga shi ina bayansa, duk bayanin a kunnena yake sauka.

A bayan garin Agadas muka tsaya wurin wani Buzu dattijo, Agali, mai ba baƙi raƙuma su hau. Nan Madugu ya tuna yana da ciwon baya. Da aka matsa, ya ce waɗannan ai raƙuman wasa ne, hawansu zubar da mutunci ne ga irinsa. Hajiya Ladidi, shugabar matan tafiyar, ta gyara mayafi ta ce, "Malam Haladu, mu ba mu taɓa gani ba. Ka hau mu koya."

Dabara ta ƙare wa Madugu. Ya ja Agali gefe wai za su gaisa irin ta mutanen sahara. Ina kusa, na ji gaisuwar: roƙonsa yake ya ba shi wanda ya fi kowanne sanyin hali. Agali ya jawo wani tsohon raƙumi mai lumshe ido, ya gurfanar da shi.

Madugu ya zagaya dama, ya zagaya hagu, ya leƙa ƙarƙashin sirdi. Aka tambaye shi me yake nema, ya ce yana duba lafiyar dabbar ne. Likkafa yake nema. Sai da Agali ya gaya masa nan babu ita, takalmi ake cirewa a ɗora ƙafa a wuyan raƙumi. Madugu ya ce ya sani, gwada shi yake yi.

Ya hau da kyar. Ya duƙa gaba sosai kamar mai shirin tseren keke, ya ɗaga mana hannu. Agali ya yi wa raƙumin 'yar tsawa.

To, shi raƙumi gindi yake fara ɗagawa. Baya ya yi sama, Madugu ya yi gaba. Suuu ta kan wuya, tim a rairayi! Rawani ya kama gabansa, hular ciki ta bi iska. Raƙumin ya tsaya rabi a tashe yana kallonsa, sannan ya ci gaba da tuƙa abinsa.

Mu arba'in da biyu, babu wanda ya yi dariya. Direba ne kawai ya koma bayan mota yana tari.

Madugu ya miƙe, ya tofar da yashi, ya kakkaɓe riga a natse. Ya dube mu ɗaya bayan ɗaya ya ce, "Laifin horo ne. Mu raƙumanmu na Bilma ta gaba suke tashi."

Agali ya shafa wuyan raƙuminsa ya ce, "Ikon Allah. Wannan kuwa shekaranjiya ya dawo daga Bilma."