Man Kulu da Motar Labbo

Ko tsufa zai kwashe mini komai, ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na sauya wa motar Labbo mai. Har yau in na bi ta inda ake soya albasa, sai in ji kunnuwana sun ɗau zafi.

Zamanin Turawa ne, ana saura 'yan shekaru su tattara su tafi. A unguwarmu ta Wurno ni ne mai gyaran keke, kuma ba yabon kai ba, ni ne na fara hawa keken kaina a duk unguwar. Sunana na yanka ma ya ɓace, kowa sai Mai Keke. In kwaɗon ƙofa ya cije, ni. In fitila ta ƙi kamawa, ni. Kawuna, wan mahaifiyata, wanda ya riƙe ni tun ina ƙarami, in aka zo masa da maganar wani ƙarfe sai ya ɗaga hannu ya ce, "A kai ma Mai Keke. Duk garin ga babu wanda yas san ƙarhe kamar shi." Wannan magana ita ce abincina. Ko ban samu ciniki ba, in na ji ta na ƙoshi.

Sai Labbo ya dawo.

Labbo ɗan Kawu ne na cikinsa, ka ga taubashina ke nan. Ya tafi Gusau yana karen mota, muka daina jin ɗuriyarsa, har na fara tausaya masa (tausayin nan mai daɗi, wanda mutum ke yi wa wanda ya fi). Kwatsam wata kaka sai ga shi da a-kori-kura, wai wani Bature mai komawa gida ne ya sayar masa. Tsohuwa ce tukuf. Fentinta ya koɗe, ƙofa ɗaya da igiya ake ɗaure ta, kuma ba ta tashi sai an wana ta har mai wanawa ya yi gumi. Duk na ga wannan, na kuma faɗa wa duk wanda ya tsaya ya saurare ni. Matsalar dai babu mai tsayawa, kowa yana ƙofar gidan Kawu yana shafa mota.

Ni da nake kaɗa ƙararrawa mutane su dare, sai na koma ina kaɗawa ko akuya ba ta ɗaga kai. Ga kuma bakin Labbo. In ya wuce rumfar gyarana sai ya rage gudu ya leƙo ya ce, "Taubashi, yaya jakin ƙarhen naka? Ka ba shi dussa yau?" Kowa ya san wasan taubashi ba a fushi da shi, duk wanda ya yi fushi shi za a yi wa dariya. Sai in washe baki in rama da abin da ya samu.

Duk wannan na jure. Abin da ya kwantar da ni shi ne ranar da wata tsohuwa ta kawo wa Kawu fitilarta, ina zaune a gefensa, kusa har gwiwarmu tana gogar juna, na ji ya ce, "A tambayi Labbo." Fitila fa! Mi ya haɗa direba da fitila? Ranar nan Kulu, matata, ta ajiye mini tuwo ya huce ban taɓa ba. Na ce mata ciwon ciki ne. Hassada ce tsagwaronta, yanzu da na tsufa ba na jin nauyin kiran ta da sunanta.

Ana haka aka sa ranar ɗaurin auren ƙanen Kulu a Taloka, can wajen Goronyo, garin surukaina. Labbo ya ce shi zai kai mu, maza da mata da kaya. Amma motar ta fara wani gurnani daga baya. Muna zaune gindin bishiyar bedi a ƙofar gidan Kawu ya yi mana bayani, wai aksul ne, wato ƙarfen nan mai kumburin ciki kamar tulu da ke tsakanin tayoyin baya, shi ke juya su.

"Man ciki na yat tsuhwa," in ji shi. "Na aika Sakkwato a kawo min galan guda, har yau shiru. Mu tahi hakanan, sannu-sannu."

Daɗi ya kama ni. Ashe akwai abin da ya gagari Labbo! Mai kuma? Ni da na shekara da shekaru ina ɗiga wa sarƙar keke man gyaɗa, ba wadda ta taɓa kawo ƙara. A ganina mai duk mai ne, Turawa dai sun zuba nasu a galan don su ruɗi irin su Labbo.

Ana gobe tafiya, da hantsi, Labbo ya tafi fadama duba albasar Kawu ya bar motar a ƙofar gida. Na kwaso sifanoni na, da tsohon buzu, da wani fasasshen kasko, na shige ƙarƙashi. Tulun ƙarfen yana da noti biyu, ɗaya a gindi ɗaya a gefe. Ko wawa ya san na gindi na zubarwa ne, na gefe na ɗurawa. Na sha fama da na gindin, da ya saki kuwa bai yi mini sallama ba. Baƙin mai ya biyo hannuna har hammata, mai kauri, mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Maimakon ƙyama, daɗi na ji. Na ce a raina, dubi ƙazantar da motar da ake shafawa take ɗauke da ita a ciki.

Na mayar da noti na ɗaure, na buɗe na gefe, na juye kwalbar man gyaɗar da nake gyaran keke da ita. Tulun ya shanye kamar ba a zuba komai ba. Na zura yatsa, ban taɓo mai ba. A nan gumi ya fara karyo mini, don tsohon man rabi yana cikin kasko, rabi ƙasa ta sha, saura yana jikin rigata.

Sai na tuna da gorar Kulu. Kulu ƙuli-ƙuli take yi, kuma ta daɗe tana tara mai don gudummawar bikin ƙanenta. Ta soya shi da albasa yadda mata ke yi don ya bar gafi, ta cika gora ta toshe. Allah ya sa ta shiga maƙwabta kitso. Na sungumo gorar na sa a ƙarƙashin riga (mai gemu da sana'a, yana sanɗa a gidan kansa), na koma na kafa mazurari na yi ta ɗurawa har man ya fara dawowa ta bakin rami. Sauri nake yi kada a gan ni, tunanin tacewa bai ko zo mini ba. Na ɗaure noti, na mayar da gorar inda take, da ɗan abin da ya rage a gindinta.

Da la'asar na bari sai da majalisa ta cika, sannan na ce, kamar ba da wata manufa ba, "Labbo, na sake ma motag ga taka mai."

Ya zaro ido. "Ina kas samu man?"

"Kai tuƙi kas sani," na ce. "Mu munka san ƙarhe."

Ya zaci wani direba na sani ya sam mini. Aka wana mota, ya zaga unguwa da ita ya dawo, gurnani ya ɗauke ɗif. Ya diro yana murna, babu zolaya ko kaɗan, ya kama hannuna ya ce, "Wallahi taubashi ka hi ni." Kawu ya dubi jama'a ya ce, "Ban gaya muku ba? In ƙarhe na, a kai ma Mai Keke." Jama'a, da a ce a wannan lokacin aka ɗau raina, da na tafi ina murmushi.

Da safe Kulu ta ɗaga gora ta tsaya. "Malam, gorag ga ta yi sauƙi."

"Zahi na," na ce. "Mai yana ƙahewa da zahi."

Ta dube ni, ta dubi gorar, sai ga shi ana kiran a fito. Ni aka ba gidan gaba, tsakanin Labbo da Kawu, na sha babbar riga, ina ɗaga wa mutane hannu kamar da kuɗina aka sayi motar. Mata da kaya suka cika baya har motar tana neman zama.

Da farko lafiya lau. Hanyar Goronyo a lokacin rairayi ne da kwazazzabai, mota tana nishi, rana tana hawa. Can sai Kawu ya ɗaga hanci. "Wa ka suya cikin dajin ga?"

Na ce wataƙila wani ƙauye ne a bayan gero. Muka wuce geron, babu ƙauye, ƙamshi kuwa sai ƙaruwa yake. Ƙamshi mai kyau fa, irin wanda ke sa mai azumi ya yi istigfari. Karnukan wata ruga suka biyo mu, ba haushi suke ba, bin mu kawai suke da fara'a. Sannan gurnanin ya dawo, daga gurnani ya koma kuka. Labbo ya dube ni ta gefen ido. Ni kuwa na tsura wa hanya ido, na shiga karanta duk addu'ar da na iya, har da ta shiga kasuwa.

Ina roƙon Allah in za ta mutu ta mutu a daji, inda daga mu sai karnuka. Ba ta mutu a daji ba. Sai da ta kai mu ƙofar gidan surukina, inda aka shimfiɗa tabarmi, dattawan Taloka sun jeru, maroƙi ya taso yana kirarin baƙin Wurno masu zuwa da mota, sannan ta yi wata ƙara ta tsaya cik. Hayaƙi fari ya taso daga ƙarƙashinta ya bi kan tabarmi. Wani dattijo ya shaƙa ya ce, "Ikon Allah, har da abinci sunka taho da shi da zahi nai?"

Daga bayan mota na ji muryar Kulu, ba da ƙarfi ba, amma wurin ya yi tsit: "Wanga ƙamshin man nau na."

Labbo ya diro. Ya tuɓe riga, ya karɓi wani kwano, ya shiga ƙarƙashi. Ya kunce notin da tsumma don zafi. Muna jin man yana zuba yana ƙara irin ta kaskon ƙosai. Ya ɗan jima, sannan ya fito da baya-baya, ya miƙe, ya buɗe tafin hannunsa a gaban Kawu. Yankan albasa ne, ya soyu ya yi ja, ko a kan shinkafa aka ɗora shi ba mai ƙorafi.

"Baba," in ji Labbo, fuskarsa babu ko alamar dariya, "taubashina miya yay yi muna. Gishiri da daddawa kaɗai yam manta."

Wurin ya fashe. Maroƙi ya zauna a ƙasa yana riƙe da ciki. Mata a baya suna dariya har da guɗa, ban da Kulu da ta rungume gorarta. Surukina, mutumin da ko ruwa ba na sha a gabansa, ya juya baya ya ja rawani ya rufe baki, amma ina ganin kafaɗunsa suna rawa. Da zagina Labbo ya yi, da na samu abin riƙewa, in yi fushi in tafi. To wasan taubashi ne, dole na tsaya a tsakiyar fili cikin babbar riga ina washe haƙora. Kawu kuwa ya daɗe yana kallon abin da ke hannun Labbo, ya ɗago ya ce, "Mai Keke... albasa?"

Aka ɗaura aure, ban san me liman ya ce ba. Gudummawar Kulu kuwa kowa a Taloka ya shaida ta iso, sai dai ba a samu ci ba.

Mota ba ta motsawa sai an samo man gaske, man gaske kuwa yana Sakkwato. Kawu ya yanke hukunci a take: "Wanga aikin keke na." Wata nawa ina fatan ranar da za a buƙaci kekena fiye da motar Labbo, ga ta ta zo. Na koma Wurno a kan jakin aro, na hau keke zuwa Sakkwato, na ɗauro galan a baya na taka har Taloka. Labari ya riga ni ko'ina. Duk garin da na ratsa sai an fito an tambaye ni ko galan ɗin na miya ne.

Allah ya rufa asiri aksul bai lalace gaba ɗaya ba, amma gurnanin nan bai sake barin motar ba har ta gama kwananta. In fasinja ya tambaya, sai Labbo ya ce kewar girkin taubashinsa take yi. Na biya Kulu manta da sussukar gyaɗa da ban-haƙuri, ta yafe, amma daga ranar ta koma rataye gora a inda sai da tsani.

Kawu bai daina turo mini aiki ba, Allah ya jiƙansa. Sai dai maganar nan tawa, wadda na shiga ƙarƙashin mota don in ƙwato, ta dawo da jela. In aka kawo masa ƙarfe sai ya ɗaga hannu kamar da, ya ce, "A kai ma Mai Keke. Amma ku ce ma matanku su ɓoye mai."

Abin da na koya bai da yawa. Hassada dai ban ce ta bar ni ba, don ko da Labbo ya sayi mota ta biyu sai da na yi kwana biyu ina ciwon ciki. Amma yanzu in ta motsa, a gida nake zama da ita. Wanda kuma tasa ta fi ƙarfinsa har ta tura shi ƙarƙashin motar taubashinsa, shawarata ɗaya ce: ya tace man.